Gwaggo da Uwar Sarkin Rum

Shekarar da kuɗin mai ya fara kawo manyan motoci Jibiya, ina karatun tarihi a jami'a. Na zo hutu da aikin da aka ba mu kan matan gidan sarautar Rum, na sauka wajen Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ɗanta ne dagacin ƙauyenmu kusa da kan iyaka.

Wata hantsi tana ɓarar gyaɗa ta ce in faɗa mata abin da nake ta rubutawa. Na ba ta labarin wata uwar sarki a Rum da ta yi ta ƙulle-ƙulle har ɗanta ya hau mulki, aka buga hotonta a jikin kwabo, tana zama bayan labule tana sauraren majalisa.

"Yana jin maganarta?"

"Da farko, Gwaggo. Daga baya ya sa aka kashe ta."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Allah ya jiƙan baiwar Allah. Amma mi ya kai ta yarda a buga fuskarta? Ai ta kunyata yaron gaban mutane."

A makon nan ake rigimar tashar mota. 'Yan kasuwa na so a yi ta bakin titi, a gonakin wasu manoma masu bin addinin gargajiya, inda kakanninsu suke kwance. Dagaci ya kusa amincewa. Gwaggo ba ta taka zaurensa ba. Ta dai gayyaci matan dattawa sussukar gero, suka wuni suna hira. Washegari ta dama fura da kanta, ta aika a kira ɗan nata. Ina zaune ya shigo, ya cire takalmi ya durƙusa.

"Lokacin yunwar nan da kana goye," ta ce, "matan gidajen can ne suka riƙa kawo mini hatsi. Sha furarka."

Ya shanye, ya yi godiya ya fita.

Da aka zauna kan maganar tashar, dattawa uku suka riga shi cewa wani fili da ke gabas ya fi faɗi, shi kuma ya yanke hukunci a kan haka. Mutane suka yi ta yaba hangen nesansa har Maraɗi. Manoman suka kawo masa zabi, ya aiko wa Gwaggo da biyu, muka ci da tuwon dawa kafin in koma makaranta.