Saniyar da Ta Tashi Kamar Doki

Ranar da za a je nema mini aure, baffana ya riga ya hau babur a ƙofar gidanmu da ke Kazaure, sai ya juyo ya ce, "Kai, in sun tambaye ni sana'arka, me zan ce musu?"

Na ce, "Baffa, ka ce ina yin katun."

"Katun? Abin nan da yara ke kallo a talabijin? Da gemuna zan zauna gaban manya in faɗi haka?"

Muka shiga laluben suna. Na ce mai zane, ya ce za su ɗauka allon shago nake rubuta wa mutane. Na ce mai hoto, ya ce ai ko kyamara ba ni da ita. Da na ce to a ce ina harkar fim, sai da ya sauke ƙafarsa daga kan babur ya yi a'uziyya. Ina da sunan aikin da Turanci, har na buga shi a kati da ruwan zinare saboda iyayi. Baffa ya gwada faɗa sau biyu, ya ce wannan ya fi kama da sunan maganin tsutsar ciki. A ƙarshe ya tafi ƙauyensu yarinyar da ke bayan Roni da cewa ina aikin kwamfuta.

Aikin kuwa ba wani abin ɓoyo ba ne. Ka zana abu, ka sake zana shi ya ɗan gusa, ka sake, ka sake, har idan aka jera zanen aka sake su da sauri sai a ga abin yana motsi. A Kano na koya, na dawo gida ina jin kaina kamar ni na ƙirƙiro shi.

Kamar yadda aka saba, gidansu suka ce a ba su lokaci su yi bincike. Wanda aka ɗora wa binciken shi ne ƙanen mahaifinta, mutumin da ban taɓa gani ba. A lokacin wata ƙungiya ta ba ni aikin ɗan gajeren katun a kan rigakafin shanu, ni kuma ban san tafiyar saniya ba. Sai na riƙa zuwa kara ranar kasuwar Gwiwa, in tsuguna ina kallon ƙafafunsu. Akwai abin da malaminmu ya koya mana: motsin da jikinka bai ji ba, hannunka ba zai zana shi ba. Don haka na zagaya bayan wata babbar mota, na ɗage rigata, na dafa ƙasa da hannu biyu, na fara tafiyar saniya. Ina cikin haka wani dattijo ya tsaya a kaina ya yi sallama. Wallahi ko ɗago kai ban yi ba, na ce, "Baba, ɗan matsa, ƙafar baya nake lissafawa."

Da yamma yarinyar ta kira ni a waya. "Wai da gaske rarrafe ka yi a kasuwar Gwiwa?"

Na ce, "Ba rarrafe ba ne, nazari ne."

"To Baba Ƙarami, ƙanen Baba, ya ga nazarin. Ya ce ko dai iska, ko ƙwaya. Baba ya ce a mayar muku da goronku."

Na zauna a bakin gado. Shekara biyu ina nemanta, ga shi zan rasa ta a kan saniyar da ba ta ma da rai. Ita ce ta yi ta roƙon mahaifiyarta, har mahaifin nata ya yarda in zo ya gan ni da idonsa, abin da ba a cika yi ba.

Na same shi bayan la'asar a gindin tsamiya, ƙanen nasa na gefe yana harara ta. Bafillace ne da ya tashi cikin garke, yanzu sai gonar gero da shanu biyu a bayan gida. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa na gaishe shi, na buɗe kwamfuta. Na nuna masa abin da na fi alfahari da shi: saniya kwance, ta miƙe, ta yi tafiyarta. Sati uku na yi a kan wannan miƙewar.

Ya ce, "Sake." Na sake. Ya ce, "Sake."

Zuciyata ta ce shi ke nan, tsoho ya kamu. Har na fara gyara zama.

Sai ya ce, "Yaro, wannan ai doki ne ka sa wa ƙaho."

"Ranka ya daɗe?"

"Doki ne ke fara tashi da ƙafafun gaba. Saniya da baya take farawa, gaban yana durƙushe. Kai duk rarrafen da aka ce ka yi, ba ka ga wannan ba?"

Ƙanen ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ina zan gani? Shanun kara a tsaye suke ɗaure, ban taɓa tsayawa na ga wadda ta kwanta ta tashi ba. Ni ɗan birni mai kati da ruwan zinare, na ji kunya har cikin ƙashina. Tsohon ya ja ni bayan gida, ya ɗan taɓa wata da ke kwance da sandarsa. Ta ɗaga baya, ta tsaya a gwiwa, sannan ta miƙe, tana kallona kamar ita ma ta ji labari.

Na ɗauka sallamata za a yi. Sai ya ce yana da wata farar saniya da mahaifinsa ya ba shi tun yana ƙarami. Ƙahonta ɗaya ya lanƙwasa ƙasa, tana ɗan jan ƙafar hagu ta baya. Wata shekara ciwo ya shiga garken ya tafi da ita, kuma ko hotonta babu. Ya ce, "In aikin naka na gaske ne, yi mini ita."

Sau huɗu ina hawa babur zuwa ƙauyen nan, sau huɗu yana koro ni. Yau wuyan ya yi tsawo, gobe tozon ya yi girma. A zuwa na huɗu ya ce komai ya yi, sai dai tashin. Ita ba haka take tashi ba, takan dakata a gwiwa, ta karkata kai, ta kaɗa kunne ɗaya. Na ce ban gane ba. Ya yi bayani da baki, ban gane ba. Ya yi da hannu, ban gane ba. Sai tsohon nan ya yi tsaki, ya ajiye sandarsa, ya tattare babbar rigarsa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya durƙusa ya karkata kai. Daidai nan ƙanensa ya shigo da sallama. Sallamar ba ta ƙarasa fita daga bakinsa ba. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina ta zane, don in na ɗago dariya za ta kashe mini aure.

Da na kawo ta ƙarshe, duk tsawonta bai wuce a sha ruwa a ajiye kofi ba. Farar saniya ta ɗaga baya, ta dakata a gwiwa, ta karkata kai, ta kaɗa kunne, ta miƙe tana jan ƙafa. Bai ce in sake ba. Ya kai yatsa kan gilashin ya shafa wuyanta, ya daɗe a haka, sannan ya goge ido da hannun riga.

Ƙanen ya gyara murya ya ce, "To Yaya, in mutane suka tambayi sana'ar wanda za ka ba 'yarka, me za mu ce?"

Tsohon bai ɗauke ido daga kan saniyar ba. Ya ce, "Ni ma ban san sunanta ba. Amma tun kafin a haifi yarinyar nan rabona da in ga saniyata ta tashi, sai yau. Je ka ce wa mutanensa su zo a sa rana."