Randar Inna a Ƙasan Dam

Shekarar da kifi ya yi ƙaranci a dam ɗinmu na wajen Kabo, maigidana ya fara zancen tafiya ci-rani Kudu. Masunci ne, bai iya wata sana'a ba. Kullum sai ya dawo da birgi, ragarsa ta kamun kifi, a kafaɗa, 'yan karfasan da ke cikin ƙwaryarsa ba su wuce a soya wa yara ba. Ni kuwa babu abin da na tsana irin in wayi gari ba ya gidan.

Wani tsohon masunci daga Gwarzo ne ya ce wa masuntanmu laifin ƙasan dam ɗin ne. Fili ne fetal, ƙananan kifi ba su da maɓoya, manya na cinye su tun ba su kai ko'ina ba. Sai mazan unguwa suka bi gida-gida suna tara tsofaffin tayoyi da fasassun tukwane da rassan bagaruwa, wai za su gina wa kifi gari.

Mu mata mun sha dariya. Mutanen da ɗakunansu ke yoyo, su ne magina a ƙarƙashin ruwa!

Dariyata ta ƙare ranar da na ga maigidan ya tsaya a kan randar Inna. Inna mahaifiyata ce, ita ta ba ni randar kafin ta rasu. Ta daɗe da tsagewa, ba ta riƙe ruwa, amma ko matsar da ita ba na bari a yi.

"Haba Malam, ba dai wannan ba," na ce.

"Tarwaɗa duhu take so, ga bakin randar daidai," in ji shi. "In babu kifi bana, kin san sauran."

Na san sauran kuwa. Da hannuna na taya shi ɗora ta a amalanke, na koma ɗaki na sha kukana.

Suka nutsar da kayan, suka kafa doguwar sanda don alama, suka hana kowa jefa birgi a wurin har damina ta wuce. Gansakuka ta kama tukwanen, ƙananan kifi suka zo ci, manya suka biyo su. Ba mu yi arziki ba, amma miya ta daina zama lami. Jakar da ya haɗa don tafiya, irin wake nake ajiyewa a ciki yanzu.

Har yau in ya kawo tarwaɗa mai ƙiba sai ya ɗaga ta ya ce, "Ga 'yar hayar Inna." Ni kuma in sa yara su yi wa Inna addu'a kafin su sa hannu. Tana kabari, amma har yanzu ita ke ciyar da jikokinta.