Karan da Na Kafa a Bakin Kogi

Shekarar da aka ɗauke ni cikin 'yan baka, damina ta riske mu a sansani yamma da Auyo, a bakin kogi. Kullum da hantsi Sarkin Baka, wani dattijo mafaɗaci, yakan jera mu mu yi ta harbin kututturen giginya har yatsu su kumbura. Ni kuwa hankalina yana ƙauyenmu kusa da Guri, inda na baro inna da matata da tsohon ciki, ga shinkafa a fadama, ba namijin da zai ɗaga jinga in ruwa ya taho.

Mun sani, ruwan da ya wuce ta nan, bayan 'yan kwanaki yana ƙofar gidanmu. Sai na kafa kara a gaɓa, yadda babana yake yi, kowace safiya in je in auna da yatsa ko ruwan ya hau.

Wata rana na makara, dattijon ya biyo sawuna ya same ni a tsugune. Ya zage ni tas, ya ce koyon harbi aka kawo ni, ba gadin kara ba. Na tashi na bi shi.

Washegari ina gyara tsirkiyar bakana, ya zo ya tsaya a kaina, bai ko dube ni ba. Ya ce a hankali, "Yaro, yau yatsa nawa?"

Na ce, "Uku, baba."

Sai ya ce, "'Yata ma can take aure, gaba da garinku kaɗan."