Ranar da Kawu Haliru Ya Kira Sunan Surukinsa

Cikin faɗa na fara jin sunansa. Ina shekara tara, a gidanmu na Dandin Mahe, na katse wa Goggo Nana Hauwa magana, ta ɗaga muciya ta ce, "Ke, Halirun jirgi za ki zama? Marar kunya!" Na daɗe ina zaton wani mugu ne na cikin tatsuniya. Ashe ƙanen mahaifiyata ne, wanda ya daina zuwa gida.

Haliru ɗan manomin albasa ne. Yana ƙarami, in an kai shi Bodinga taya dangi noma, jiragen da ke sauka Sakkwato kan wuce ta saman gonaki ƙasa-ƙasa, shi kuwa ya saki fartanya ya bi su da ido. Ya yi karatu, ya dage, har ya zama mataimakin matuƙi a wani kamfanin jirage. Wanda ya riƙe hannunsa a aikin shi ne Kyaftin Ubaidullahi, mutumin Bodinga, daga baya ma ya ba shi 'yarsa Jamila. Tun daga ranar Haliru bai ƙara haɗa ido da shi ba. "Baba" yake ce masa, kai a sunkuye, kamar kowane surukin kirki.

Wata la'asar ta damina aka haɗa su aiki daga Abuja zuwa Sakkwato, da mutum ɗari da ashirin da bakwai a baya. Kyaftin ke tuƙi, Haliru na amsa rediyo yana lura da allon da ke nuna gudu da nisansu da ƙasa. Dokar aikinsu ita ce, da zarar an fara gangarowa, babu hira sai maganar sauka, kuma wanda ya ga kuskure ya faɗa nan take, ko shi ne ƙarami.

Hadari ya taso daga gabas. Masu hasumiyar filin jirgi suka ce a sauko ta ɗaya ƙarshen titin. Aiki ya cakuɗe: a sake lissafin hanya, a amsa rediyo, a saki tayoyi, a rage gudu, duk cikin 'yan mintuna. Ana cikin haka gajimare ya yage, ga Bodinga kore shar.

"Kai, Haliru, ga gonata can!" in ji Kyaftin. "Wai har yau mutanen ga ba su yi maimai ba?"

Haliru ya dubi allo. Sun yi sama da yawa, gudu bai ragu ba, titi na matsowa.

"Baba, ranka shi daɗe, kamar dai muna da ɗan gudu."

"Na gani. Ka san da hannuna na shuka geron ga?"

"Allah shi ba ka nasara, da za a ɗan duba nisanmu da ƙasa..."

Sai a lokacin Kyaftin ya juyo. Ya danna hancin jirgi ƙasa don ya cim ma titin, na'urar gargaɗi ta fara ƙara. Haliru ya san in suka taɓa jiƙaƙƙen titi da wannan gudun, ba za su tsaya ba sai cikin gonakin mutane.

"Ubaidullahi! Saki! Jirgi na hannuna!"

Mamaki ya sa dattijon ya saki. Haliru ya ba injuna wuta, suka koma sama, suka zagayo, suka sauka lafiya. Fasinjoji suka watse suna mitar an ɓata musu minti goma sha biyar.

Kyaftin ya isa gida ya faɗi abu ɗaya tak: mijin Jamila ya kira sunansa gatsal. Bai ambaci gona ba. Bai ambaci titi ba. Kafin kasuwa ta sake ci, zancen ya kai Dandin Mahe. Dattawanmu suka kira Haliru, ya durƙusa a zaure.

"Mutumin da ya ba ka ɗiya! Mi ya kai ka?"

"Sunan da na kira, ina ba da haƙuri," in ji shi. "Jirgin da na karɓa kuwa, gobe ma in ta kama zan karɓa."

"Kun ji ko? Bai tuba ba."

Shi ke nan, shekara goma sha uku yanzu. Binciken kamfani ya wanke shi, amma takardar da Turanci take, babu wanda ya nemi a karanta masa. Jamila ba ta bar ɗakinta ba, sai dai gori ya hana ta zuwa biki. Abin da ya fi ƙona mini rai, Goggo mai ɗaga muciya tana cikin jirgin nan, kusa da taga, ta dawo daga ganin likitan ido. Ranta ya tsira, ta zo tana zagin yara da sunansa!

Bara da Sallah na same shi a Sakkwato, ya ba ni labarin. Na ce zan rubuta cewa jarumi ne, in karanta a tsakar gida kowa ya ji.

Ya girgiza kai. "Ɗiyata, in za ki rubuta, fara da laifina na gaske. Sau biyu ina ganin mutuwa na tsaya ina ranka shi daɗe. Saka wannan, ki karanta wa Goggo, kada ki cire ko kalma guda."