Indararo Goma Sha Huɗu

Malam Shu'aibu na Gama ya yi shekara talatin da ɗaya yana masinja a wani tsohon ofishin ƙaramar hukuma a Nassarawa, amma ba da ɗaukar fayil aka san shi ba. Da rufin ginin aka san shi, aikin da ba wanda ya ba shi. Ginin En'e ne na 1932, na tubali da ƙasa: kaurin bango kamu biyu, ɗaki tara, da zaure mai daurin guga wanda ko a tsakiyar bazara sanyinsa kamar bakin randa. Indararo goma sha huɗu ne a jikinsa. Duk shekara kafin ruwan fari Malam Shu'aibu zai hau matakala goma sha bakwai da tsintsiya da kwanon makuba, ya share ganyen darbejiya, ya zura sanda a kowane indararo, ya liƙe duk wata tsaga.

Da mulkin farar hula ya dawo, shari'a ta biyo baya, sai ofishin ya cika. Kansila goma sha ɗaya, ga kwamitin zakka a ɗakin kusurwa, motoci kuwa har jikin bango don neman inuwa. Ruwan farin 2001, indararo na uku ya yi ta zuba jan ruwa a kan sabuwar motar ciyaman, Alhaji Garba. Washegari ya ce a toshe biyar na gaba da siminti.

Madam Winifred, 'yar Zariya mai buga tafireta, ita aka ba umarnin ta buga. Ta leƙo ta taga.

"Baba Shu'aibu, za a toshe wa 'ya'yanka baki."

"Nawa?"

"Biyar."

"Madam, ruwan ina za shi? Kwana zai yi a kan azara. Damina ɗaya, rufin ya zauna a kanki, ke da injin naki."

"A kaina? To, injin ya cije. Sai jibi."

Kwana biyu ke nan a hannun Malam Shu'aibu. Ya hau da bokiti ya zuba, Madam a ƙasa ta sa dutse inda ruwan ya faɗi: taku huɗu daga bango. Ya ƙara biyu saboda ruwa mai iska. Ya jera dutse arba'in a kan taku shida, ya shafe su da farar ƙasa.

Bayan azahar ya tari ciyaman a bakin masallaci, ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo. A sama."

Alhaji Garba ya tattare babbar riga ya bi shi, a matakala ta goma sha biyu yana haki. Malam Shu'aibu ya zuba bokitin farko, ruwa ya gangara ya fice. Ya cusa tsumma a bakin indararon, ya zuba na biyu. Ruwa ya tsaya, ya kewaye takalmin ciyaman.

"Bokiti ɗaya ke nan, ranka ya daɗe. Kuma ƙarƙashin nan kujerarka ce, daidai."

Ciyaman ya ɗaga ƙafa. "Kai, tsohon nan! Motar fa, a rana zan bar ta?"

"Ga darbejiya bakwai can bayan fararen duwatsu. Mafi girma taka ce."

Alhaji Garba ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce a cire tsumman.

Ba a buga takardar ba. Ranar Talata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Malam Shu'aibu ya rufa buhu a ka ya zagaye ginin yana ƙirga indararon da ke zuba, motoci na can ƙarƙashin itatuwa.

"Nawa, Baba?" in ji Madam daga taga.

"Goma sha huɗu. Na tara yana ɗan jinkiri, gobe zan hau."