Jegon da Inna Ta Ƙi Rufewa

Shekarun baya, da na yi haihuwar fari, 'yata ta zo da ƙafar dama a lanƙwashe, tafin yana kallon ciki. Ina gidanmu a Toranke, wurin Inna mahaifiyata, ina wankan jego. Aka tura mu asibiti a Kano, likita ta ce za a riƙa naɗe ƙafar da siminti, duk sati a canza, har ta miƙe.

Mijina ya tambaye ta yaushe za a gama. Ta danna ƙafar, ta murɗa a hankali, ta ce, "Ta wani yaron tana da laushi, nan da nan ake gamawa. Wannan tana da tauri. Ba zan yanke muku rana ba, ƙafar ce za ta nuna mana."

Da ya koma garinsu Kademi, babansa ya tsare shi da tambaya iri ɗaya. Mijina kuwa ba ya iya ce wa babansa "ban sani ba". Sai ya ce kafin arba'in. Surukina ya ce to, ya ba asibiti zuwa arba'in. In na koma ɗakina ƙafar ba ta miƙe ba, za a fasa simintin a kai yarinyar wurin ƙanensa mai ɗori.

Wallahi da na ji, nonona sai da ya ɗauke. Likita ta riga ta gaya mana ba karaya ba ce, in aka murɗe ta da ƙarfi za a iya lalata ta har abada. Duk zuwanmu sai na tambaya saura nawa, har ta fara ba ni amsa tun kafin in buɗe baki. Ƙafar tana juyowa, amma kaɗan-kaɗan, kwanaki kuma suna gudu.

Ranar arba'in gwaggon mijina ta zo tafiya da ni. Ina ɗaki rungume da yarinyar, ina jin su a tsakar gida.

Inna ta ce, "Hajiya, 'yar nan tawa ba ta gasu ba. Jikinta ɗanye ne har yanzu."

"Haba, uwar ɗiya. Arba'in fa ta cika."

"Ta cika. Amma ni nake mata wankan, ni na san abin da hannuna yake ji. In ta koma ta kumbura, wa za a tambaya?"

Gwaggo ta yi sallama ta koma ba tare da ni ba. Ta sani, mu ma mun sani, lafiyata garau. Amma babu namijin da zai zo ya yi musu da uwa a kan gashin jikin 'yarta, ko da surukina ne.

Abin da ya iya shi ne ya hana a sake kawo itacen wanka, tunda daga gidansu yake zuwa. Don kada magana ta koma Kademi cewa ƙarya aka yi, safe da yamma sai hayaƙi ya tashi a gidanmu, maƙwabta su ji ana fyaɗa min tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya. Ni da na ƙosa in gama, aka mayar da ni farko. Na sha kunun kanwa har na tsani warinsa. Ina kuka ina cewa zan saɓule, ita kuma tana cewa, "Ɗaga murya, su ji."

Da itacenta ya ƙare, ta koma zare karan dangarta.

Mun haura wata guda a haka kafin likita ta yi wa yarinyar 'yar tsaga a agara, jijiyar bayan dunduniya, ta sa siminti na ƙarshe, daga baya aka koma takalmi mai sanda. Da aka zo ɗaukata, daga bakin hanya ana hango ƙofar ɗakin Inna. Macen da ko zaure ba ta leƙawa sai da dalili, haka ta zauna babu danga har kaka.

Yau yarinyar tana aji biyar, ita ake aika kasuwar Gaya don saurinta. Inna ba ta ga shigarta makaranta ba, ta riga ta rasu. Wani lokaci ina kallon yarinyar tana tsallake kwata a guje, sai in ji haushin kaina. Duk zaman nan zafin ruwan kawai nake ƙorafi, ko sau ɗaya ban ce wa Inna sannu ba.