Lasisi Uku na Yaya Sanusi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau ba na tuna shi sai na yi murmushi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa a Talata Mafara, wanda yake da reshe a Bakura da Maradun. Yaya ne yake kula da kwamfutocin wuraren uku. Kowane wuri yana da babbar kwamfuta da suke kira saba, inda ake tara bayanan marasa lafiya. Aikin da ya fi ɗauka da muhimmanci shi ne kwafe bayanan nan a kan kaset, saboda ɓacin rana. Na'urar kwafin 'yar ƙarama ce, kaset ɗaya take ci, da hannu ake sa mata. Innarmu ta daɗe tana gaya wa maƙwabta cewa ɗanta sana'ar kaset yake yi, har ta taɓa aika masa ya zo mata da na wa'azi. Bai musa mata ba, ya biya kasuwa ya sayo.

Manhajar da ke yin kwafin sai da lasisi. Dillalin da ya kawo ta ya gaya wa Likita, mai asibitin, cewa dole a sayi ƙarin lasisi saboda na'urar kaset, amma su saba ɗin, lasisi ɗaya ya isa a sa wa duka ukun, ba wanda zai sani. Yaya ya tafi gida da takardar sharuɗɗan, ya yi kwana uku yana bin ta layi-layi da ƙamus a gefe. Sai ya gano dillalin ya juya maganar ne. Na'ura mai cin kaset ɗaya tana cikin lasisin farko. Manyan da ke canza kaset da kansu ne ke bukatar ƙari. Amma kowace saba sai da nata.

Likita bai ji daɗi ba. Ya ce wa zai taso daga wata ƙasa ya zo Maradun duba takarda? Ina wurin lokacin da Yaya ya amsa masa.

"Ranka ya daɗe, ba su zuwa. Amma ran da abin ga ya lalace, mu za mu neme su. Ina son in kira su ba tare da na ɓoye komi ba."

Likita ya yi ta gunaguni, amma ya sa hannu aka saya wa kowace saba nata lasisin.

Da damina ta biyu tsawa ta faɗa kusa da reshen Bakura, ta ƙone saba ƙurmus. A makon ni ke riƙon aiki a can. Washegari da hantsi aka kawo wata mata daga Damri da zazzaɓi mai zafi. Mijinta ya ce akwai wata allura da ta kusa kashe ta bara, amma daga shi har ita ba mai tuna sunanta, kuma katinsu lamba ce kawai. Muka tsaya cirko-cirko. Yaya ya iso da wata kwamfuta ɗaure a bayan babur, ya haɗa, sai manhajar ta ƙi buɗe kaset ɗin sai an mayar da lasisin kan sabuwar na'ura. Ya kira kamfanin, ya karanta musu lambar lasisin reshen Bakura. Kafin azahar bayanan sun fito. Allurar da aka rubuta kada a yi mata, ita ce na riga na ajiye a kan tire. Nan take na ɗauke ta daga kan tiren.

Matar ta warke. Mijinta ya aiko wa Yaya da zakaru biyu, shi kuma ya kai wa Likita ɗaya, ya ce ladan sa hannu ne.

Yanzu an ce bayananmu suna ajiye a intanet, a wata ƙasa da ban san ta ba. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Ba mai ƙin sabon abu ba ne. Na tabbata zai yi murna da ya huta da hanyar Maradun. Amma zai tambaya: idan layi ya ɗauke fa? Kuma wannan dogon rubutu da kowa ke latsa "na yarda" a ƙarƙashinsa, wa ya karanta?

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi wata guda ba. Wadda ke riƙe da aikin yanzu, Malama Hauwa'u, ba ta taɓa ganinsa ba. Kwanan baya na tarar da ita tana maido da wani tsohon fayil alhali ba abin da ya lalace. Ta ce gwaji take yi, farkon kowane wata, don ta gani a littafin aiki da ta gada cewa kwafin da ba a gwada ba ba a san ko yana nan ba. Ta tambaye ni ko na san wanda ya rubuta, wai mutumin yana da hankali.

Na ce na san shi ƙwarai. Allah ya haskaka makwancinka, Yaya.